Gudumar da Na Ba Labbo

Labbo ɗan kawuna ya ɗauki tambarina ya buga wa fatun mushe, ya ɗaure su ya aiko mini Tambuwal, na sayar wa Musulmi suka yi salla a kai. Laifin ke nan, na faɗe shi tun daga layin farko don kada wani ya ce na yi kwana. Ku 'ya'yana, kun tashi kuna jin ana kirana Sanda Mai-mushe a bayan idona. An tsokane ku da sunan a makaranta da bakin rijiya, kuna dawowa gida kuna tambaya ina yin shiru. Shirun nan alkawari ne na ɗaukar wa kakarku Inna. Yanzu tana ƙasa, Allah ya jiƙanta, alkawarin ya bi ta. Kai kuma Haliru, tunda ka kafa teburin kayan keke a bakin tasha, har kana cewa za ka buɗe na biyu a Jabo ka ɗora wani a kai, ka zo neman shawarata, to ga ta. Ban iya wa'azi ba. Aji uku na yi a elementare mahaifina ya cire ni, rubutun nan ma da ƙyar nake jan shi. Abin da ya same ni zan faɗa, kowa ya tsinci rabonsa.

Mahaifina mahauci ne, a gindin rumfar fawa na girma, na san fata tun ban san baƙi ba. Da na tasa sai na bar wuƙa na koma sayen fatu. Da keke na fara, ina bin kasuwannin Jabo da Dogon Daji da ƙauyukan da ke tsakani. A lokacin kowa a ƙasa yake shanya fata, a tsakar rana, ta soyu, in ta je hannun majema gashi ya zube ta tsattsage. Ni na kafa rumfa a bayan gidanmu, na ɗaura igiyoyi, ina shanyawa a inuwa iska na ratsa ta. Nakan tsaya a kan mahauci yana fiɗa, in wuƙarsa ta ɓula fata in juya in tafi, ko da abokin mahaifina ne. Sun zage ni, daga baya suka gyara hannu. Sai na je wurin maƙeri ya ƙera mini 'yar guduma mai haƙora, in ka buga ta kusa da wutsiya sai ta bar shaida kamar sawun ƙafar zabo. Ko an jeme fatar shaidar ba ta fita. Doka ɗaya na kafa wa kaina: ba na buga wa fatar da ban juya ta da hannuna na duba cikinta ba.

A hankali abin ya kama. Akawun kamfanin da nake kai wa kaya a Sakkwato ya daina kwance dilar fatuna, sai dai ya ɗaga gefe ya ga ƙafar zabo ya ce a ɗora a sikeli. Majeman garinmu suka daina tambayata inda fata ta fito. Dukawa masu ɗinka buzu da gafaka su ma haka. Mai sayen buzun salla yakan juya shi, in ya ga shaidar sai ya biya ya tafi, domin ya san dabbar yanka ce, an ambaci sunan Allah a kanta. Haliru, ka riƙe wannan. Jarina ba shi ne keken nan ko rumfar nan ba. Jarina shi ne mutane sun huta da dubawa. Ranar da mai saye ya daina bincikar kayanka, ranar sana'arka ta tsaya da ƙafarta, kuma daga ranar ya kamata ka fara jin tsoro, don duk abin da ya wuce ta hannunka babu sauran mai tare shi.

Shekarar da aka karɓi mulkin kai kowa kansa ya yi zafi. In an taru sauraren rediyo a bakin kanti, zance ɗaya ne: Turawa za su tafi, ciniki zai dawo hannun 'yan ƙasa, wanda bai faɗaɗa yanzu ba an bar shi. Na samu lasin na sayen fatu da sunana. Akawun nan ya ce in zan iya ninka abin da nake kawowa za su karɓa duka. Idona ya koma kan Kebbe, inda jajayen awaki suke da yawa, ga Fulani da tumaki, ga kasuwa. Matsalar ita ce hanya. In ruwa ya sauka mota ba ta shiga sai da wahala, ba zan iya zama nan da can ba. Labbo kuwa can yake zaune, ba shi da tsayayyar sana'a, yau dillancin jakai, gobe awon hatsi. Ɗan ƙanen Inna ne, shi kaɗai Kawu ya bari. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, tun muna yara ba ya kirana sai bawansa. Mutum ne mai daɗin baki, in ya shigo gida har mata a ɗaka sai sun yi dariya. Inna ce ta fara kawo maganar.

"Sanda, ga ɗan'uwanka na yawo ba aiki, kai kana neman baƙo. Wa ka ka ba amana in ba jininka ba?"

"Inna, sayen fata ba wuya. Amma dole kaya su zo nan in duba in buga."

"Su zo nan, ka kwance, ka duba, ka sake ɗaurewa? Ɗan mahauci na shi ma. Abin da ka sani ya sani. Ko kana nufin ɗan ƙanena ɓarawo na?"

Ban ce ba, ban kuma iya cewa ba. Na koma wurin maƙerin nan na sa ya ƙera guduma ta biyu, irin ta farko sak. Uwarku Ma'u ta gan ni ina naɗe ta a tsumma, ta tsaya da muciya a hannu.

"Malam, wagga kuma ta wa?"

"Ta Kebbe."

"Guduma biyu, suna guda. In anka buga ba daidai ba, ya za a gane wadda tab buga?"

Na ce ta koma ga tuwonta. Ranar da na miƙa wa Labbo gudumar, ya jefa ta sama ya cafe, ya ce, "Bawana, yau ka 'yanta kanka. Je ka kwanta, ubangidanka ya kama aiki."

Rani ya wuce lafiya. Kaya suna zuwa a ɗaure, an buga, ni sai dai in haɗa da nawa in tura. Da farko nakan kwance ɗaya in duba, ban taɓa samun aibi ba, sai na bari. Da damina ta yi nisa muka fara jin labari daga bakin fatake cewa dabbobi na faɗuwa a ƙauyukan bayan Kebbe. Akuya tana kiwo da safe, kafin azahar ta faɗi, baƙin jini na fita ta hanci. Suka ce ciwon saifa ne, malamin dabbobi ya zaga ya ce duk wadda ta faɗi a binne ta da fatarta, kada wuƙa ta taɓa ta. Na ji, na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da harkata. A daidai lokacin ne kayan Labbo suka ƙaru. Damina lokacin ƙarancin yanka ce, amma dilolinsa suka fi na rani kauri. Na aika masa da yabo. Na tura na awaki Sakkwato. Na tumaki masu gashi na sayar wa majema, suka jeme suka sayar wa dukawa, buzaye suka watsu cikin gari. Akwai wani fari tas mai laushi, na saye shi da kaina daga hannun baduku na kai wa Liman na masallacin unguwarmu kyauta. Ya sa mini albarka a gaban jama'a.

Tabon da kuke gani a wuyan baffanku Sani, wanda yake rufewa da rawani ko ana zafi, daga nan ya samo shi. Shi ne mai sauke kaya daga mota, a kafaɗa yake ɗaukar dila ya kai sito. Wata safiya ya shigo gaishe da Inna yana sosa wuya. Ma'u ce ta lura.

"Sani, matso in gani. Mi yac cije ka?"

"Ba komi, ƙurji na. Ko zafi bai yi."

Kwana kaɗan ƙurjin ya buɗe, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin kamar an ɗora gawayi, gefen ya kumbura. Har yanzu yana cewa ba zafi. Rashin zafin nan shi ya tayar mini da hankali, domin na taɓa ganin irinsa ina yaro a hannun wani mahauci abokin mahaifina da ya feɗe dabba mai ciwon saifa, kuma na san inda aka kai shi. Kumburin ya hau haɓa, ya sauko ƙirji. Zazzaɓi ya rufe shi. Inna ta kira wanzami, na hana shi sa aska. Ban gaya wa kowa abin da nake zato ba. Na ɗauki makulli na tafi sito.

Saura dila ɗaya ta Kebbe ba a tura ba. Na yanke igiyar. Na saman lafiyayyu ne, fari ciki, an shanya da kyau. Na ƙasan ma haka. Da na kai tsakiya sai na ja da baya na nemo sanda. Fatar yanka cikinta fari ne, saboda jini ya tsiyaye ta maƙogwaro. Fatar mushe jininta a jiki yake daskarewa, za ka ga jijiyoyi sun yi baƙi sun bazu kamar saiwa, cikin ya yi ja mai duhu. Ina ɗagawa da sanda ɗaya bayan ɗaya, duk haka suke. Kowace kuma ga ƙafar zabo kusa da wutsiya, an buga ta da kyau, ba gaggawa. Labbo ɗan mahauci ne kamar ni. Ba zai ce bai gane ba. Wanda bai gane ba ba ya jera masu kyau sama da ƙasa ya ɓoye sauran a ciki. Daga baya na ji yadda aka yi: talakawa sun so su binne dabbobinsu kamar yadda aka ce, shi ya bi su ƙauye ƙauye yana cewa a feɗe zai saya. Da ba mai saye, da ba wanda ya sa wuƙa.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba, kuma har yau bai gama sakina ba. Na zauna a bakin ƙofar sito. Na tuna kai Haliru da ƙanwarka Kulu kuna hawa dilolin nan kuna sukuwa, ina kallo ina dariya. Na tuna majema da hannuwansu cikin ruwan bagaruwa. Na tuna kayan da suka riga suka tafi Sakkwato, daga can ban san ina ba, ban san hannun wa za su taɓa ba. Na wanke hannuna da toka da sabulu har fatar ta yi ja, na sake wankewa. Aka kira azahar na tafi masallaci kamar wanda ake ja. Ina sahun farko, Liman ya shimfiɗa farin buzun nan ya hau, ya ta da kabbara. Duk sujadar da ya yi ina ganin goshinsa na sauka kan gashin. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

Na dawo na sami Inna a ɗakin Sani tana yi masa fifita. Na kira ta waje, Ma'u na tsaye, na faɗa musu duka. Na ce zan kai Sani wurin disfensa, kuma dole in gaya masa abin da ya taɓa, in ba haka ba zai yi ta ba shi maganin ƙurji har ya mutu. In na gaya wa disfensa kuwa, malamin fata, jami'in hukuma mai duba fatu, zai ji kafin la'asar. Sai Inna ta kama bakin rigata.

"Kai shi. Faɗi abin da yat taɓa. Amma sunan Labbo kada ya fita bakinka."

"Inna, ɗanki na kwance. Shi yaj jawo."

"Na sani. In ka faɗi, alƙali za su kai shi, su ɗaure shi. Shi kaɗai ƙanena ya bari a duniya. Kai kana da baya, kana da sana'a, kana iya tashi. Shi in ya faɗi ya tafi. Ka yi man alkawari, Sanda, muddin ina numfashi."

Ma'u ta ce, "Inna, to sunan wa za ya fita? Ai dole na wani ya fita."

Inna ba ta dube ta ba. Ni take kallo. Sani yana nishi a ɗaki, numfashinsa na fita da ƙara saboda kumburin ya matse wuya. Ba lokacin jayayya ba ne. Na yi alkawarin.

Muka ɗora shi a amalanke. Disfensa ya ga wuyan, ya ji bayanina, bai ɓata lokaci ba ya fara yi masa allura, ya ce sauran na Allah ne. Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Fuskar Sani ta kumbura har idonsa ɗaya ya rufe. Matarsa tana da ciki, tana zaune a bakin ƙofa. Kullum da safe sai in tuɓe ku, kai Haliru da ke Kulu, in duba wuya da hammata da tsakanin yatsu. Cizon sauro ma sai in tsaya a kansa ina dubawa ko tsakiyarsa ta fara baƙi. Kuna dariya kuna cewa Baba na yi muku cakulkuli. Wani majemi ma ya fito da irin ƙurjin a hannu, aka yi masa allura da wuri. Allah ya sa ba wanda ya mutu a garinmu. Na can inda sauran kayan suka tafi, an aika da saƙo a bi su, amma ba wanda ya dawo ya gaya mini ƙarshensu. Har yau ban sani ba.

Malamin fata ya zo kamar yadda na zata. Mutumin kirki ne, mun saba. Ya duba fatun da sanda, ya dube ni.

"Sanda, na san aikinka. Wanga ba hannunka ba na. Wa yab buga?"

"Tambarina na, Malam."

"Na ga tambarinka. Wa yab buga, shi ni ka tambaya."

"Ba wanda ke da ƙafar zabo sai ni."

Ya girgiza kai ya ce to ba shi da yadda zai yi. Aka karɓe lasin. Aka kwashe duk abin da ke sito, masu kyau da marasa kyau, har igiyoyin rumfa, aka kai bayan gari aka zuba kananzir. Ƙaurin ya rufe Tambuwal, ba gidan da bai shiga ba. Wanda bai ji labari da kunne ba ya ji da hanci.

Saura buzaye. Ba wanda ya sa ni, amma ba zan iya barinsu a ɗakunan mutane ba. Na bi dukawa suka faɗa mini waɗanda suka saya, na bi gida gida da buhu. Ka yi sallama, maigida ya fito da fara'a, ka ce masa buzun da yake salla a kai na mushe ne, ka ba ni in ƙone. Wani ya miƙo ba magana. Wani ya jefo mini a fuska. Wata tsohuwa ta aiko jikarta ta tambaye ni ta bayan zana, sallolin da ta yi tun farkon damina, wa zai biya ta. Tunda ba a iya bambanta na Kebbe da nawa, duk mai ƙafar zabo ya zama abin gudu, har waɗanda na buga da hannuna shekaru kafin haka. A nan na tuna tambayar uwarku. Gidan Liman na bari ƙarshe. Ya saurare ni har na gama, ya shiga ya ɗauko farin buzun ya sa a buhun da kansa.

"Wanda yai salla bai sani ba, ba komi bisa kansa. Zan faɗa wa jama'a haka. Amma Sanda, kai da kas san fata, ya anka yi?"

Na ce kuskure ne. Ya dube ni, ya ce Allah ya kyauta. Ya faɗa wa jama'a kamar yadda ya ce, ya kuma ce a yaba wa wanda ya tona kansa. Mutane suka riƙe rabin farko suka yar da na biyu. Kafin kaka sunan Mai-mushe ya zauna.

Da Sani ya fara tashi na tafi Kebbe karɓo gudumar. Na sami Labbo a rumfar wani mai shayi. Ya gan ni ya washe baki.

"A'a, bawana! An ce ka yi wa Tambuwal turare."

Na ce gudumata na zo karɓa. Ya ce ta ɓace tun tuni, wataƙila yara sun ɗauka. Ya tambayi jikin Sani kamar mai tambayar ruwan sama. Alkawari na bakina, mutane na zaune, na juyo. Tunda ta biyun tana hannun da ban sani ba, ta farkon ba ta da sauran amfani. Na kai ta wurin maƙerin da ya ƙera ta, ranar kasuwa, na sa ya narke haƙoran a gaban mahauta, na ce daga yau duk fatar da aka gani da sabuwar ƙafar zabo ba tawa ba ce. Da hannuna na kashe abin da na gina. Bayan shekara Labbo ya samu lasin da sunansa, ya kama cinikin Kebbe duka, da mahautan da na koya wa fiɗa. Ya je Makka. Ni na koma gona da ɗan dillancin awaki, abin da kuka tashi kuka gan ni ina yi.

To Haliru, ga shawarar da ka nema. Kada sana'arka ta fi idonka tsawo. In ba za ka iya zuwa Jabo ka duba abin da ake sayarwa da sunanka ba, bar Jabo, tebur ɗaya ya ishe ka har ka samu ƙafar zuwa. Kana iya ba mutum jari, kana iya ba shi makulli, amma abin da mutane ke gani su yarda da kai, wannan ba a ƙera masa na biyu. In kaya suka ƙaru a lokacin da ya kamata su ragu, kada ka yi murna, tashi ka je ka gani. In za ka duba kuma, tsakiya za ka duba. Wanda ba za ka iya kora ba, kada ka ɗauke shi aiki, ko uwarka ce ta kawo shi. Kuma ka fi tsoron mai sa ka dariya, domin wasa yana hana tambaya. Ni duk lokacin da na buɗe baki zan tambayi Labbo wani abu, sai ya ce bawa ba ya tuhumar ubangidansa, a yi dariya, magana ta mutu.

Ranar sadakar bakwai ta Inna ya zo, da mota, da babbar riga mai aiki. Kuna ciki wurin mata da baƙi, ba ku ga abin da ya faru a zaure ba, kuma na ji an ba ku labarin a karkace, cewa na wulaƙanta baƙo a zaman makoki. Ga yadda aka yi. Zaure cike yake, Liman na nan ya tsufa, baffanku Sani na gefena. Labbo ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya juyo da muryar nan tasa.

"Bawana, tsohuwa ta tafi ta bar man kai gado. Kawo abin salla, ban yi azahar ba."

Na shiga ɗakin Inna na ɗauko buzunta. Shi kaɗai ya tsira daga wuta, domin ranar da nake tarawa ta zauna a kansa ta ce sai dai a ƙone da ita. Na miƙa masa. Ya karɓa yana magana da wani, hannunsa ya juya buzun. Ya ga ƙafar zabo. Maganar ta tsaya a bakinsa. Ya sake shi ya faɗi ƙasa, ya goge yatsunsa a jikin rigarsa, ya ce a ba shi tabarma. Na duƙa na ɗauki buzun na karkaɗe, na shimfiɗa shi a gabansa, na fuskantar da shi gabas.

"Hau, Labbo. Wanga ragon layyar Inna na. Ni niy yanka shi, ni nif feɗe, ni nib buga mai tambari tun kana dillancin jakai. Waɗanda kab buga duk na bi gida gida na ƙone su, da sunana tare. Mutanen garin ga in sun ga shaidar nan sunka ja da baya, ban ga laifinsu ba, ba su san wanne na wanne ba. Kai ka sani. Dubi wuyan Sani. Sani, cire rawanin ya gani. Wadda tar roƙa maka shiru mun binne ta, shirun ya ƙare. Daga yau ni ba bawanka ba na, ba taubashinka ba, ba wasa tsakaninmu. Yi sallarka bisa buzun ga a gaban mutanen nan, ko ka tashi ka faɗa musu abin da ya hana ka."